TAURARON ƊAN'ADAM BA YA HANGO TULUN ZINARI



Wannan makon za mu taɓa wani abu da ya fara zama ruwan dare a labaran da ake turowa zauren nan, kuma mun san akwai waɗanda ba za su ji daɗi ba. A yi haƙuri tun yanzu, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Labarin kusan iri ɗaya ne kullum. Saurayi talaka, an hana shi budurwa don ba shi da ko sisi. Yana kwance da dare yana latsa waya, sai ya buɗe Google Earth, ya leƙa wani dutse da ke bayan garinsu, ya ga wani baƙin ɗigo. Ya ƙara girman hoton, sai ga bakin kogo. A wasu labaran har ƙyallin zinarin yake hangowa daga sama. Babi uku a gaba ya fito da tulu shaƙe da zinarin wani sarki da ya gudu lokacin jihadi, ya sayi mota, surukin da ya kore shi ya zo yana durƙuso. Wani marubucin kan ƙara gishiri, ya kawo injiniyan da ya yi karatu a Indiya, mai kwamfutar da ke magana da tauraro kai tsaye, ta nuna masa zurfin taskar da nauyinta kafin a sa diga a ƙasa.

Mu da muka fito daga Tambuwal da Kebbe abin ya fi damun mu, don mun fara ganin sunayen garuruwanmu a irin waɗannan labarai. An ga wuri ne mai tarihin jihadi, mai tuddai da daji, nesa da idon mai karatun Kano ko Kaduna, sai aka mayar da shi rumbun ƙarya. Abin da muke cewa a fili shi ne: wannan zubin labari ƙarya ne a kimiyyance, ƙarya ne a tarihance, kuma yana taya 'yan damfara talla kyauta.

Mu fara da na'urar kanta. Tauraron da ke ɗaukar hoton ƙasa kyamara ce da ke shawagi ɗaruruwan kilomita a sama. Hasken rana ya sauka kan ƙasa, ya dawo, kyamarar ta kama. Abin da ke saman ƙasa take gani: rufin kwano, itace, gona, ruwa, yashi. Abin da ke ƙarƙashin taku ɗaya na marmara, ita da makaho duk ɗaya. Sannan hoton ɗigo-ɗigo ne. A hotunan Landsat na Amurka, waɗanda aka fara harba taurarinsu a 1972, kowane ɗigo guda yana wakiltar fili mai mita 30 tsawo da mita 30 faɗi, wato gidan mutum da zaurensa da garkensa duk sun narke a ɗigo ɗaya. Sentinel-2 na Turai mita 10 ne. Namu na Nijeriya, NigeriaSat-1 da aka harba daga Rasha a Satumbar 2003, mita 32 ne. NigeriaSat-2 da ya bi baya a Agustan 2011 ya kai mita 2.5, aka yi ta murna, kuma abin murnar ne. Mafi kaifin hotunan da kamfanoni ke sayarwa suna kai wa wajen santimita 30, wanda zai nuna maka mota amma ba zai gaya maka lambarta ba. To tulu nawa ne faɗinsa? Kuma tulun a binne.

Shi kansa Google Earth da jaruman labaranmu ke buɗewa, ba kallon kai tsaye ba ne. Tsofaffin hotuna ne aka ɗinke su wuri ɗaya, wani na bara, wani na shekaru da dama. Duk wanda ya taɓa neman gidansu a kai ya san haka, don zai ga dalbejiyar da aka sare tuntuni tana nan tsaye. Baƙin ɗigon da ake kira bakin kogo kuwa, inuwar dutse na iya yin sa, gindin tsamiya na iya yin sa, wurin da aka ƙone ciyawa ko aka yi gawayi na iya yin sa, haka kududdufin da bai ƙafe ba. Kogo na gaskiya bakinsa a gefen dutse yake, kyamarar kuma daga bisa take kallo. Kamar mutum ne ya hau rufin soro yana son ganin abin da ke cikin alkuki.

Za a ce ai akwai na'urar rada mai ratsa ƙasa. Akwai. A 1981 wata rada da aka ɗora wa kumbon Amurka ta nuna tsofaffin hanyoyin koguna a ƙarƙashin yashin Sahara, tsakanin Masar da Sudan. Amma a lura da sharaɗin: busasshen yashi ne ƙarau, wanda kan yi shekaru bai ga ruwan sama ba, kuma zurfin 'yan mitoci kaɗan. Abin da ta gani kuma kwarin kogi ne mai faɗin gaske. Laima ta shiga ƙasa, ko a tarar da dutse, zancen ya ƙare. Mu da damina ke jiƙa wa ƙasa duk shekara, kuma tuddanmu marmara ce ta rufe kawunansu, wannan labarin ba namu ba ne. Masu neman ma'adinai na gaske suna amfani da hoton tauraro, ba mu musa ba, amma don ya nuna musu irin dutsen da ke saman ƙasa, su san inda ya kamata su fara dubawa. Daga nan sai a tafi da ƙafa, a ɗebi samfurin ƙasa, a kai ɗakin gwaji, a kawo injin huda ƙasa, a shekara ana yi, a kashe miliyoyi, kuma sau da yawa a tashi a tutar babu. Duk wanda ya zauna ajin safiyo ko na ilimin ƙasa a kwalejin kimiyya da fasaha, ko da zango ɗaya ne, ya ji wannan daga bakin malaminsa.

Ko ƙwararrun da suka ƙare rayuwarsu a wannan fanni suna shan ƙasa. Sarah Parcak, Ba'amurkiyar da ta yi suna wajen gano kufai a Masar da hoton tauraro, har ta ci kyautar dala miliyan ɗaya a 2016, ta taɓa hango wasu alamu a wani wuri da ake kira Point Rosee a gabashin Kanada, aka yi zaton mazaunin tsofaffin matuƙan jiragen ruwan arewacin Turai ne. Aka yi shirin talabijin, duniya ta ɗauka. Da aka je aka haƙa a 2015 da 2016, ba a sami shaidar komai ba. Farfesa ke nan mai tawaga da kayan aiki. Amma jarumin labarinmu, da wayar da gilashinta ya tsage da data ta naira ɗari biyu, dare ɗaya ya gano taska.

Sai tarihin, wanda a nan ne abin ya fi ba mu kunya, don wannan kam aikinmu ne mu sani. Wane sarki ne a ƙasar nan yake tara zinari a tulu? Dukiyar mutanen da, a ƙasar Kabi da Zamfara da Gobir, da Daular Usmaniyya bayansu, dawaki ce, da shanu, da rumbunan hatsi, da riguna da rawuna, da bayi, da littattafai ga malamai. Abin cinikinsu kuma wuri ne. Kalmar kuɗi da muke faɗa yau ma asalinta jam'in wuri ce. Lokacin da Bature Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dala ɗaya ta azurfa. Attajiri na da, in ya binne dukiyarsa don gudun hari, abin da ya fi yiwuwa ya binne shi ne tukunyar wuri. Ka tono ta yau, ko ƙosai ba za ta saya maka ba a kasuwar Tambuwal. Tulun zinarin nan daga kogon Ali Baba muka aro shi, da finafinan Indiya, muka sa masa hula muka ce ɗan gida ne.

Ba mu ce ba a taɓa samun zinari a ƙasa ba a ƙasar Hausa. A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani a Katsina, an haƙa kaburburan tsofaffin sarakuna a 1907, aka sake haƙawa a 1992, kuma an sami kayan ado na zinari da na hauren giwa da kwanon ƙarfe da ya fito daga ƙasashen gabas. Amma wa ya nuna wurin? Mutanen garin. Tuddan kaburburan suna tsaye a fili, sunan wurin ma ya faɗi abin da ke ciki, kaka da kakanni sun san da su. Darajar kayan kuma tana cikin abin da suka gaya mana, cewa ɗaruruwan shekaru da suka wuce fatauci ya haɗa Katsina da ƙasashe masu nisa. Da ɓarawo ne ya riga zuwa ya narkar da 'yan kunnen, da wannan ilimin ya tafi har abada a kan kuɗin babur ɗaya.

Ƙasar tamu ma ba ta goyi bayan labarin ba. Galibin jihar Sakkwato shimfiɗar laka da yashi da farar ƙasa ce da teku ya bari tun zamanin da ba mutum. Shi ya sa ake yin siminti a Kalambaina. Shi ya sa aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku a yankin Goronyo, masana suka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972, sunan garinmu yana yawo a littattafan kimiyyar duniya mu ba mu sani ba. (Ga labari nan kwance, shekara hamsin da ɗoriya, ba mu ga wanda ya ɗauka a zauren nan ba.) Zinarin ƙasa da aka sani a yankinmu yana cikin tsofaffin duwatsun Anka da Maru da Bukkuyum da wajen Yawuri. Kuma shi ba a tulu yake ba. Ƙura ce a cikin dutse, sai an fasa, an niƙa, an wanke.

Mu tsaya nan kaɗan, don a nan ne maganar ta daina zama ta adabi kawai. Daga Kebbe ka shiga Gummi, daga Gummi ka shiga Bukkuyum. Maƙwabta ne, ana auratayya, ana cin kasuwa ɗaya. A 2010 ne aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, irin su 'Yargalma da Dareta da Abare, daga baya Bagega. Dutsen zinarin da ake kawowa gida ana niƙawa a tsakar gida, wani lokaci da injin niƙan hatsi, cike yake da dalma. Ƙurar ta bi ƙasa, yara masu rarrafe suka sa hannu a baki. Ƙungiyar likitoci ta MSF da ta kai ɗauki ta ce yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu. A Nuwambar 2021 rami ya rufta da masu haƙar zinari a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa a jihar Maraɗi, mutum 18 suka mutu. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019 saboda alaƙar da ta ce tana tsakaninsa da 'yan bindiga, ba a ɗage ba sai Disambar 2024. Wannan shi ne ainihin fuskar neman dukiyar ƙasa a wajenmu. A labaranmu kuwa jarumi ya shiga kogo da tocila, ya fito ko ƙura babu a rigarsa.

Kuma a yau wa ke shiga dajin Kebbe haka kawai? Manomi ma da gonarsa ta gado sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya fita. A irin wannan hali ne muke rubuta wa yaro ɗan shekara goma sha tara, wanda ya gama sakandare ba aiki, cewa arzikinsa na cikin wani dutse a daji, kuma taswirar tana aljihunsa.

Masu cin moriyar wannan tunani suna nan, kuma ba baƙi ba ne. Da can boka ne ke cewa akwai tukunyar dukiya a kufai, aljani na gadinta, a kawo baƙin bunsuru da turare da ƙyalle. Yau jikansa ya sayi babbar waya. Zai turo hoton wani tudu an zagaye wani wuri da jan layi, ya ce daga tauraro aka ciro, a turo kuɗin sayen cikakken hoton, sai kuɗin hayar na'urar gano ƙarfe, sai kuɗin sallamar masu gadin daji. In an je an haƙa ba a sami komai ba, ya ce an kauce da taku goma, ko wani cikin tawagar ba shi da tsarki. Ka ga aljanin bai tafi ko'ina ba, riga ya sauya. Abin da ɗan damfara ya fi buƙata shi ne ya tarar da mutum ya riga ya yarda abin yana yiwuwa. Wannan share fagen kuwa mu muke yi masa, babi bayan babi, a WhatsApp da Facebook da Wattpad, ana karantawa ana turawa gaba.

Mun san amsar da za a ba mu, don an sha ba mu ita: ai ƙagaggen labari ne, Abubakar Imam ma ya rubuta Ruwan Bagaja da aljanu a ciki, Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya, wa ya ce su yi shiru? Babu. Kuma mu ma ba mu ce a kori aljani daga adabi ba, Allah ya kiyaye. Amma tun 1934 da Ruwan Bagaja ya fito, ba mu ji wanda ya sayar da akuyar uwarsa ya tafi neman ruwan ba. Mai karatu ya san yarjejeniyar da ke tsakaninsa da marubuci: wannan duniyar tatsuniya ce, shiga ka ji daɗi ka fito. Kai kuwa ka ambaci Google Earth da sunansa, manhajar da ke cikin wayar mai karatunka. Ka ambaci Kebbe da Kuchi da Dogon Daji da sunayensu, garuruwan da zai iya hawa mota ya je. Ka sa wa injiniyanka kalmomin kimiyya a baki. Duk alamun da ka ba mai karatu suna ce masa wannan duniyarka ce ta zahiri. In ka zaɓi ka yi aro daga gaskiya don labarinka ya yi nauyi, to bashin gaskiyar ya hau kanka.

In ana ganin rubutu ba ya tura mutum daji, a dubi abin da ya faru a Amurka. A 2010 wani dillalin kayan tarihi mai suna Forrest Fenn ya ɓoye akwatin zinari da duwatsu masu daraja a tsaunukan Rocky, ya buga littafin tarihin rayuwarsa da wata waƙa a ciki mai ɗauke da alamun wurin. Dubban mutane suka bazama. Da yawansu sun kwana a kan Google Earth suna auna kwazazzabai, kowa na rantsuwa ya ga wurin. Mutum biyar suka mutu a nema. Sai a Yunin 2020 wani ɗalibin likitanci ya same shi a jihar Wyoming, bayan ya yi ta komawa dajin da ƙafarsa. A lura, wannan taska ce ta gaske, wanda ya ɓoye ta yana raye a lokacin, ya ba da alamu, ƙasar kuma ta fi kowace yawan hotunan sama masu kaifi, amma shekara goma tauraro bai nuna wa kowa ita ba. Waƙa guda ta yi sanadin rai biyar a ƙasar da ke da jiragen ceto. Mu a nan wa zai je ceto?

Akwai kuma ɓarnar da ba ta zubar da jini amma ba ta gyaruwa. Wanda ya tafi neman zinari bai samu ba, ba ya dawowa hannu rabbana in ya ci karo da wani abu. A shekarun 1990 aka yi ta tone tsofaffin wurare a arewacin Nijeriya ana fitar da mutum-mutumin yumɓu, na Nok da waɗanda dillalan Turai ke kira na Sakkwato da na Katsina. Abin ya kai a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata. A Afrilun wannan shekarar aka baje biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a gidan tarihin Louvre da ke Faris, an saye su daga hannun wani dillali a Beljiyam. Aka yi ta cece-kuce, daga ƙarshe Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25. Mutum-mutumi mai sunan jiharmu yana Faris, kuma saboda masu haƙar dare ne suka fitar da irinsa, ba a rubuta ramin da aka ciro shi ba, ko me ke kusa da shi, ko zurfin da yake. Wanda ya tono shi an sallame shi da abin da bai taka kara ya karya ba. Mutanen da suka ƙera shi kuma, waɗanda suka zauna ƙasar nan tun kafin a san da Kabi ko Gobir, an yage shafinsu.

Abin dariya, ko abin kuka, shi ne tauraro yana ganin wannan sarai. Ita Sarah Parcak ɗin da tawagarta sun ƙirga ramukan ɓarayin kayan tarihi fiye da 200,000 a Masar daga hotunan sama. Hotunan tsohon birnin Afamiya na Siriya bayan yaƙi ya ɓarke sun nuna shi kamar fuskar mai zanzana saboda ramuka. Taskar ce ba ya gani. Ramin mai nemanta kam, yana fitowa tas.

To me hoton sama zai yi wa marubuci? Da yawa, in ya san abin da yake nema. Abin da ya fi iya nunawa shi ne babban abu mai tsari wanda ido a ƙasa ba ya iya haɗawa: layin ganuwa, zagayen kufai, tsohuwar hanyar kogi, burtalin da gonaki suka cinye, dajin da ke ja da baya shekara bayan shekara. Muna da Surame a jihar nan, birnin da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16, da ganuwar dutse, wanda aka ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa a 1964, aka kuma sa shi a jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a 2007. Muna da Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Muna da Sifawa inda Shehu ya zauna kafin ya koma Sakkwato, ga Gwandu nan kusa da mu. Tambuwal kanta mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu ce, malami kuma mawaƙi, aka ba shi tsaron wannan yanki. Mu nawa ne a zauren nan, 'yan Tambuwal ɗin ma, za mu iya rubuta shafi biyu a kansa ba tare da mun yi kame-kame ba? Muna ta ƙirƙiro sarkin da bai taɓa rayuwa ba don mu ba shi tulu, ga mutanen da suka rayu da gaske ba mu san inda ƙofar garinsu take ba.

In kuma lallai sai an ce taska, akwai wadda muka tabbata tana nan, kuma tana lalacewa a daidai wannan lokacin: takardun ajami da na Larabci da ke cikin gafaka da adaka a gidajen malamai, gara na ci, damina na jiƙawa, magada na rabawa ganye-ganye. Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna sun tattara abin da suka iya. Saura na zaure da ɗakin tsohuwa. Wannan ba ya buƙatar tauraro, sallama yake buƙata da durƙuso da haƙurin zama gaban dattijo.

Kada wani ya fita daga nan ya ce an hana rubuta labarin neman dukiya. A rubuta. Abin da muke ƙi shi ne ragwanci, don tulun da tauraro ya nuna hanyar gudu ce ga marubucin da ya rasa yadda zai fitar da jaruminsa daga talauci. Gwada barin saurayin nan naka ya tono wani abu da gaske, a gonar da ba tasa ba, ka ga yadda labari zai buɗe. Mai gona zai ce nasa ne. Abokan haƙa uku, kowa na zargin kowa. Liman zai kawo hukuncin rikazi, dukiyar da aka binne tun zamanin jahiliyya, da humusin da ake fitarwa a kanta, da saɓanin ko ta mai tonowa ce ko ta mai ƙasa. Doka kuma na gefe: ta 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta hana tono da cinikin kayan tarihi ba izini, ta 2007 kuma ta ce duk ma'adinin da ke ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Hakimi zai ji, ɗan sanda zai ji, na cikin daji ma za su ji, kuma su ba sa aiko takarda. Ga dillali ya iso daga birni da murmushi da jaka. Ga uwar yaron da ke cewa a mayar da abin inda aka gan shi. A nan mutane suke, a nan halinsu zai fito. Ko ka juya shi gaba ɗaya, ka ba mu labarin mai sayar da jan layin, yadda ya fara, da ranar da ƙanensa ya biya kuɗi ya bi taswirar ba da saninsa ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, ga abin da muke so a turo ƙarƙashin wannan rubutu. Kowa ya buɗe Google Earth ɗin nan da jarumansa ke buɗewa, ya nemo garinsu, ya duba ranar da aka ɗauki hoton, ya zaɓi abu guda da bai gane ba, layi ne, zagaye ne, ko baƙin ɗigo. Kada ya fita daji. Ya kai wa mafi tsufan mutumin da ya sani a unguwa, ya nuna masa, ya rubuto mana abin da dattijon ya faɗa a kalma 500, da sunan wurin kamar yadda mutanen garin ke kiran sa. Wanda ɗigonsa ya zama juji ko ramin da aka ɗebi ƙasar gini, shi ma ya turo.